Tsohuwa Mai Tushen Gamba

A ƙofar biron kumandan, wato ofishin mai mulkin Dogon Dutsi, ƙarƙashin sabuwar tutar ƙasa, wata tsohuwa tana zaune ta miƙe ƙafafu, duk faso. Da ganinsu ka san sun sha rairayi, wataƙila tun daga Sukukutane. Duk mu masu jira muna riƙe da takarda. Ita kuwa tushen gamba ne a cinyarta, irin wanda ake dasawa a iyakar gona, ta naɗe saiwoyinsa da jiƙaƙƙen tsumma.

Gardi mai tsaron ƙofa ya tsaya a kanta. "Inna, nan takarda ake kawowa, ba haki ba. Kumandan ma sai jibi."

"Ɗana, wanga shi ne takardata. Ubana ya dasa shi. Ƙanen maigari ya sa an tumɓuke, ya haɗe gonata da tashi."

Ina jin ba ta da namijin da zai tsaya mata, shi ya sa ta taso da kanta.

Ta buɗe goranta. Ruwan bai fi kurɓi uku ba, leɓɓanta sun bushe, amma a kan saiwoyin take tsiyaya shi.

"Jibi ba nisa," in ji ta. "Da ranshi zan mai da shi raminshi."