Sassaƙen Gabas da Yamma

"Akuya ba ta riƙe wuƙa, Malam. Duk wanda ya kwance tsumman nan zai san yanka ne."

"Rage murya, Kulu!"

"In rage? Yau za a kai Hashimu gaban mai unguwa a kan awakinsa, kai kana nan kana jan carbi!"

Katangar ƙasa ce tsakaninmu da gidan Malam Iliyasu, ba ta riƙe sirri. Tun tasowata ban taɓa jin matarsa ta ɗaga masa murya ba sai ran nan da hantsi.

Manomi ne kamar kowa, amma a ƙauyenmu na gefen Minjibir da dashe aka san shi. Yana saurayi ya yi aikin lambu a wani gida a birni, ya dawo da almakashin datse reshe da kuma ra'ayin cewa ba a shuka sai da tsari. Da aka gina sabon masallaci, shi aka danƙa wa 'yan bishiyoyin maɗaci goma sha biyu da aka jera a harabar don ado. Shekara uku yana kai musu ruwa a jarka, yana kewaye su da ƙaya. Ko gaisawa kuke, idonsa na kansu.

Bana sai guda biyu suka fara bushewa daga sama. Ganye ya yi ja, reshe ya bi reshe. Ya datse busassun, ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe jikinsu, ya naɗe da tsumma. Kullum da safe sai ya kankari reshe da farce yana neman kore. Da aka tambaye shi, ya ce awaki ne suka gaigaye ɓawon. Awakin da ke yawo wajen kuwa na Hashimu ne, wani maƙwabcin masallacin.

Ragowar labarin katanga ce ta ba ni. Kulu ta yi fama da ciwon ciki, aka ce a jiƙa mata sassaƙen maɗaci, na gabas da na yamma. Malam ya ga na masallaci sun fi albarka. Da babbar bishiya ce, ba komai. Waɗannan kuwa kaurinsu bai wuce damtse ba. Ya yanki gabas, ya yanki yamma, yankan ya haɗe, ɓawo ya rabu da ɓawo.

Ni dai ina zargin ba faɗan mai unguwa yake tsoro ba. Mutumin da ake kira ya duba bishiyar kowa, a ce shi ya kashe tasa da hannunsa?

Na fito na tarar da shi a ƙofar gida, takalmi ɗaya a ƙafa, yana laluben ɗayan.

"Baba, ina zuwa haka?"

Bai dube ni ba.

"Wajen mai unguwa. Zan faɗa masa. Amma bari in biya ta masallaci tukuna, ko Allah ya sa ɗaya ya yi toho. Ka ga sai in ce guda ɗaya na kashe."