Ƙwaron da Ya Fito Daga Turmina

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ni da abokiyar aikina, 'yar Filato da muke koyar da ilimin ƙwari tare a jami'a, sai direba. A jakata akwai kwalba, cikinta ƙwaro ɗaya tak, kore shar mai sheƙin jan ƙarfe. Daga jikin turmina ya huda ya fito, turmin da na saya bara a kasuwar Wudil. Wata uku ina duba shi a madubin ƙara girma. Dangin ƙwari masu sheƙi ne da tsutsarsu ke cin ice, amma layukan fiffikensa da ƙayoyin ƙarshensa ba su dace da na kowa ba a littattafan da na bincika. Matsalar ita ce mace ce. Kafin masana su yarda sabon jinsi ne har a raɗa masa suna, sai an ga namiji, an kuma san bishiyar da yake ci. Na rantse ba zan dawo hannu rabbana ba.

Ranar Juma'a ce, ranar kasuwa, don haka tun kafin gadar Wudil motocin shanu suka tsare mu. Muka karya da soyayyen kifi da gurasa a bakin kogi. Kifin ya yi daɗi, kuɗinsa kuwa sai ka ɗauka daga teku aka ɗauko shi a jirgi. Da ƙyar na gano rumfar mai turame. Ya rantse mini turmin ƙirya ne, kamar yadda ya rantse bara, ya ce masassaƙinsa yana wani ƙauye a wajen Lajawa.

Hanyar Lajawa ta gwada mana hali. Dawa ta yi kai, gero na tsaye dami-dami, mota na tsalle a kwari. Kafin mu nemi masassaƙin, sai gaggawa ta ci ni. Duk ƙiryar da muka hango sai mu tsaya, mu kaɗa raga, mu leƙa ɓawo. Awa biyu muna wannan, ba mu kama komai ba sai cinnaku da suka kama mu. Raina ya ɓaci ƙwarai, har abokiyata ta daina yi mini magana.

Masassaƙin dattijo ne, muka same shi da gizago a gindin darbejiya. Bayan an gaisa an tambayi gida da gajiya da damina, na nuna masa kwalbar da hoton turmin.

"Baba, ƙwaron ƙirya muke nema."

Ya duba hoton, ya yi dariya har ya ajiye gizago. "'Yata, wa ya ce miki ƙirya ce? Ina muka ga ƙiryar sara yanzu? Maje ne. Mukan shafe shi da mai mu kanga shi a hayaƙi ya yi duhu. A kasuwa kuwa duk turmin da ya yi kyau sunansa ƙirya."

Na ji kunya ta rufe ni. Wata uku takardar da ke jikin kwalbar tana ɗauke da sunan bishiyar da ba ita ba, da rubutun hannuna. Da na aika haka, da na ɓatar da duk wanda zai zo nema a bayana.

Shi kuwa ya san ƙwaron sarai. Ya ce ƙofar raminsa ba a zagaye take ba, rabin wata ce, kuma ba ya fita da sanyin safiya, sai rana ta take. Ashe sammakon namu ma na banza ne. Da na bayyana masa, cikin kame-kame, cewa da gaban namiji ake rarrabe jinsinsu, sai ya girgiza kai ya ce, "Boko ba ta da kunya."

Bayan an sauko daga masallaci ya kai mu bakin wani rafi inda majen da ya sara bara ya bar kututture da reshe a yashe. Ga ƙofofin nan, rabin wata, birjik. Muka tsugunna cikin rana, gumi na zuba. Ƙwaro na farko ya tashi kafin in ɗaga raga. Na biyu ya faɗa ciyawa ya ɓace. Na ce ko magariba za ta same ni a nan, ba inda za ni. Na uku abokiyata ce ta rufe shi da gyalenta. Ƙarami ne, siriri, na juya cikinsa a madubin hannu. Namiji ne. Na yi hamdala, ita ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Ubangiji. Kafin mu bar wurin muka sake kama wani namijin.

Mun iso gida da la'asar sakaliya, da maza biyu da guntun reshe. Aikin siffantawa da kwatantawa yana gaba, amma yanzu yana da ƙafar tsayawa. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, na iya ƙirga ƙayoyin fiffiken ƙwaro, amma ban san icen da nake daka a cikinsa kullum ba. Ko mayafi ban cire ba na ɗauko kwalbar, na soke "ƙirya", na rubuta "maje".