Allon Maƙerar Kawu Mingo

Ni Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf, kuma babu wanda ya wahalar da ni kamar Kawu Mingo maƙeri.

Bayan yaƙi ya ƙare aka 'yanta mu daga bauta, sojojin Arewa suka kafa tebur a gaban kotun garinmu a jihar Jojiya, suna rubuta sunayen mutane. Bawa suna ɗaya yake da shi, don haka kowa sai ya zaɓi na biyu. Wani ya ɗauki sunan kogi, wani na sana'arsa. Da aka zo kan Mingo sai ya ce, "Tolliver." Sojan ya sake tambaya, ya maimaita.

Tolliver fa shi ne ubangidansa, wanda ya yi masa zane-zanen bulala a baya. Gari ya ɗauka. Mata suka riƙa ce masa karen Tolliver. Shi kuwa har ya sa aka rubuta sunan a allo da manyan baƙaƙe, ya kafa a ƙofar maƙerarsa, alhali ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba. Duk shekara yakan sabunta fentin. Amma na lura duk sanda zai wuce ƙarƙashin allon sai ya tofar da yawu.

Rannan tsohon Tolliver da kansa, da yaƙi ya tsiyata shi, ya kawo alfadarinsa a sa masa takalmin ƙarfe a kofato. Ya dubi allon ya washe baki. "Ashe dai kana tuna alheri, Mingo." Mingo bai ɗago ba, sai guduma da ta ƙara ƙarfi.

Da ya tafi na kasa haƙuri. "Kawu, sunan nan kana sonsa ne ko kana ƙinsa?"

"Sukey, bakinki ba ya hutun Lahadi ne?"

"Ba ya yi. Faɗa min."

Ya daɗe yana zuga wuta, sannan ya ce yana da 'ya, Tempie. Tana shekara shida Tolliver ya sayar da ita ga wani mai fataucin bayi da ya nufi yamma. "Ba ta san sunan garin nan ba. Abin da ta sani kawai, ita ta gidan Tolliver ce. In na jefar da sunan, da me za ta yi cigiyata?"

Kunya ta kama ni, don ni ma na taɓa ce masa kare.

Shekara goma sha ɗaya allon yana nan. Wata ranar Talata ina shanya wanki, sai ga wata mata da takalma duk sun yage, ta tsaya tana haɗa baƙaƙen allon ɗaya bayan ɗaya. Ta taho tun daga jihar Teksas, tana tambayar sunan nan coci-coci. Na yar da wankin na bi ta, ba sai an faɗa ba.

Ashe Tempie ce. Kukan da ita da Mingo suka yi ba zan iya kwatanta shi ba. Da suka lafa, Mingo ya ɗauko tsani ya ciro allon, ya faskara shi, ya hura wutar da aka gasa mata masara.

Na ce, "To yanzu wane suna za ka ɗauka?"

Ashe bai taɓa tunanin haka ba. Tempie ta share ido ta ce, "Baba, mu ma can an kafa mana tebur. Na ce su rubuta Tempie Mingo, ko za ka zo nema."