Jikata da Ta Goya Kaza

Ko haƙorana sun ƙare, ko idona ya dushe, ba zan manta da damanar da jikata ta zama uwar kaza ba.

A unguwar Goudji muke zaune. Da ruwa ya cika tsakar gida sai na kwashe kajina na sa a rumfar ƙofar ɗaki. Yarinyar tana shekara uku, ta ga ana goyon ƙanenta, ita ma ta ɗauki wata budurwar kaza ta ɗaure a baya da ɗankwalina. In an ba ta kunu, ludayi ɗaya nata, ɗaya na kaza. Har bakin kazar take goge mata da hannu, ta lashe. Muna ta dariya. Ni kam na ce a bar ta, mu da kaji muka tashi, ga mu har yau mun ƙi mutuwa.

Sai gudawa da amai. Ido ya faɗa ciki, yarinyar da ba ta rufe baki ta yi shiru. Maƙwabciya ta ce bakin mutane ne, a turara ta. Uwarta, matar ɗana, ba ta tsaya hayaƙi ba, ta saɓa ta sai labtan, wato asibiti. Can aka sa mata ƙarin ruwa.

Likita ya ce ƙwayar cuta ce daga kashin kaji. Na ce to mu fa, me ya hana ta kashe mu? Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ku nawa mahaifiyarku ta haifa, nawa suka girma?" Na tuna 'yan'uwana da suka rasu suna ƙanana. Na san kaburburan.

Ɗana ya rantse sai ya yanka kajin duka. Likitan ya ce ba sai an yanka ba: a yi musu akurki nesa da inda ake ci, a riƙa wanke hannu da sabulu.

Da ta warke muka yanka mata guda, aka yi farfesu. Ta leƙa kwano ta ce, "Kaka, ɗiyata ce?" Na ce a'a, mijin ɗiyarki ne, dama ba ya tsinana komai. Ta cinye tas.

Abin da na koya: wasan ƙasa yana ƙarfafa yaro, ban janye ba. Amma masu cewa ba abin da ya same su, waɗanda suka rayu ne kawai ke magana. Kashi kashi ne, ko na kazar gida.