Na Koyi Yaren Italiya, Na Kasa Raka Matata

Edita, wawa ne ke rubuto muku, wawa mai furfura kuwa, wanda ya fi ban haushi. Lokacin da abin ya faru na haura sittin, ina gadi a wani sito a Dagenham. Aji uku na yi a boko aka sallame ni, Turancina har yau na tambayar hanya ne da sayen burodi. Amma baki kam, Allah ya hore min.

Ɗanmu ya auri 'yar Italiya, yarinya mai ladabi. Mahaifinta tsoho ne sa'ana, ba shi da zance sai hawan dutse. Ranar da muka fara haɗuwa, don kada a raina ni, na sa ɗana ya gaya masa ni ma cikin duwatsu na tashi, har awaki na sara min. Ni da garinmu yake shimfiɗe kamar faranti. Tsoho ya ji daɗi, ya ce in ya dawo London sai mun fita tare.

Nan na duƙufa. Akwai wani direba ɗan ƙasarsu mai kawo kaya wurin aikinmu, na manne masa kamar kaska. Yana faɗa ina rubutawa da ajami a bayan kwali. Andiyamo, mu tafi. Piyano piyano, sannu a hankali. Mi piyace kamminare, wai ina son tafiya a ƙasa. Har takalmin hawan dutse na saya, ina takawa a falo kamar soja.

A daidai lokacin GP, likitan unguwarmu, ya ce wa mai ɗakina ta riƙa tattaki kullum saboda hawan jini. Jiri kan ɗebe ta, tana tsoron fita ita kaɗai. Ga kuma park, filin shan iska, a bayan flat ɗinmu. Kullum sai ta roƙe ni in raka ta, ni kuma in ce mai hankali ba ya tafiya sai da wurin zuwa, ko in ce karatu nake. Tana jina ina gaya wa madubi ina son tafiya a ƙasa.

Wata Asabar surukin ya iso, muka hau jirgin ƙasa zuwa wasu tuddai a bayan gari. Ita ma ta sa hijabinta ta fita ita kaɗai. A kan tudun numfashi ya gagare ni, duk abin da na haddace ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Waya kuma ba ta shiga a can. Sai da muka sauko na ga kiran ɗana jere. Masu yawo da karnuka ne suka tsince ta a gefen benci, ɓarin jikinta ya shanye. Likita ya ce da akwai wani kusa da ita aka kira motar asibiti da wuri, da abin ya zo da sauƙi.

Shekara biyu ke nan ba ta taka ƙasa ba. Na san ƙaddara ba ta da makawa, amma na san inda nake ranar. 'Yan'uwana tsofaffi, kada neman burge baƙo ya sa ku toshe kunne ga na cikin gida. Baƙo jirgi zai hau ya koma.

Yanzu kullum ina tura ta a keke mu zaga park ɗin. Rannan muna tafe, da ɗan bakinta da ya karkace, ta tambaye ni yadda ake cewa "jira ni" da yaren surukan namu. Na sani sarai. Na ci gaba da tura keken.