Madam Balkisa da Sumana ɗari uku da sha biyu

Ƙarfe bakwai da rabi motonta ke tsayawa ƙofar wata cibiyar koyon ordinater, wato kwamfuta, a unguwar Dar es Salam. Takan kunna injuna ɗaya bayan ɗaya, ta ɗan mari mai gardama a gefe, sannan ta ajiye zobe biyu na makullai bisa tebur. Shekara ashirin da uku ke nan Madam Balkisa tana koyar da Java, yaren rubuta program, haka, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye aiki.

Makullan na darasin tablo ne, wato jerin abubuwa cikin program. Takan ɗaga zobe ɗaya ta ce, "Ga tablonku, kowane makulli da ɗakinsa. Kun ce inji ya yi kopi, ya miƙo muku zobe na biyu. Ɗakunan sun ƙaru?"

"A'a, Madam!"

"To wanda ya shiga da sabon makulli ya fasa randa, randar wa ya fasa? Kopi na gaskiya, sai ka gina kowane ɗaki sabo."

Ni ne tsohon ajin, sakataren wata lakwal, wato makaranta, a unguwar Banifandou, na zo da furfurata. Ba wanda ya kai ni gyaɗa kai. "Tonton Sumana," in ji ta, wato kawu Sumana, "ganewa ce wannan ko gyangyaɗi?" Na ce ganewa ce. Allah ya yafe mini.

Na koma ofis na rubuta ɗan program mai riƙe da sunayen yaranmu ɗari uku da sha biyu masu jarrabawar BEPC. Wata Alhamis da safe na so in gwada bugawa. Na yi kopi da layi ɗaya, irin na malalata, na cika shi da sunana da ranar haihuwata, ai gwaji ne. Program ya adana jerin asali kamar kullum. Da na buɗe, kowane yaro Sumana ne, haihuwar 1971, har 'yan matan. Juma'a da tsakar rana ake rufe karɓar sunaye, wanda bai shiga ba ya yi asarar shekara. Direkter ya duba, ya ce, "Sumana, duk kai kaɗai za ka zauna jarrabawar?"

Na kira Madam. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce, "Takardun haihuwarsu na nan?"

"Suna nan."

"Sa hannuwanka aljihu sai na zo."

Kafin awa guda ta iso da tsofaffin ɗalibanta huɗu, kowa ya baro wurin aikinsa don ta kira. Suka raba takardu suka hau bugawa, ita tana karanta kowane suna da ƙarfi tana gwadawa da takarda. La'asar sakaliya aka gama. Na fara godiya, ta nuna mini kujera. Sai da na rubuta da hannuna yadda program zai bi jerin, ya gina wa kowane yaro nasa sabo. Na sake cika kopin da Sumana, na buɗe na asali. Hafsat tana nan Hafsat, Alu yana nan Alu.

"Yau ka gina ɗaki, Tonton," ta ce.

Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya sunaye suka shiga. Ba yaron da ya rasa shekararsa. Ni ma na samu rabona: har yau Ɗari Uku ake kirana a lakwal.

Madam, ke ce mai zobe biyu na makullai, mai haƙuri da kwanyar da ta tsufa. Ke ce ba ki taɓa karɓe aikin ɗalibi kin yi masa ba, sai ki tsaya kansa har ya iya. Mun gode, ni da yara ɗari uku da sha biyu da kika mayar wa sunayensu. Allah ya sa hutu mai albarka ne, ya ƙara lafiya.

Ku malamai, ku yi koyi da ita. Ku kuma masu gyaɗa kai irina, kafin ku gwada abu a kan kopi, ku tsaya ku tambaya randar wa za ku fasa.