Tsakuwa a Mafitsarar Rago

Raguna goma sha ɗaya ne a turke a bayan gidana na Bungudu, saura kwana ashirin da uku babbar salla. Su ne jakunana biyu da na sayar, su ne taiki huɗu na gero, su ne duk abin da na tara a shekara shida ina fataucin kanwa da gishiri. Ban bar komai a gefe ba. A lokacin jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, amma baƙi sun fara cika garin, na kuwa san duk mai ɗan hali zai nemi ragon layya mai kitse.

A kasuwar Tsafe na sayo su, ramammu, ana ƙirga haƙarƙarinsu. Na bi dabarar da na ji a bakin dillalai: dusa safe da yamma, a barbaɗa kanwa don su ci da yawa, ruwa kuwa a rage, wai yana cika ciki ya hana kitse kamawa. Rijiya da nisa, don haka dabarar ta yi mini daɗi. Suka yi ƙiba har maƙwabta na leƙowa ta kan danga.

Sai babbansu, wani uda mai baƙin kai, ya daina cin abinci. Yakan buɗe ƙafafu ya yi ta nishi, wutsiya na rawa, yana cizon haƙora, ƙasar da ke ƙarƙashinsa a bushe ƙamas. Na ɗauka kumburin ciki ne, na ɗura masa jiƙon tsamiya. Rana ta uku ya kwanta. Na sa masa wuƙa kafin ya zama mushe, na kira wani tsohon mahauci mutumin Kekun Waje ya feɗe mini.

Yana farka cikin, zarni ya buge mu. Ya kau da kai ya tofar da yawu.

"Malam, wannan nama ko karenka ba ya ci. Mafitsara ta fashe. Mi kaka ba su?"

Na gaya masa. Ya dube ni, na ji kamar in nutse.

"Kai da ka san kanwa tun daga bakin raƙumi, ba ka san cikin rago ba? Tsugunna."

Na tsugunna. Ya ɗaga kitsen baya ya nuna mini ƙoda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya ce ruwan da dabba ta sha, bayan ya zaga jiki ya kwaso dauɗa, a nan ake tace shi, kamar yadda mata ke tace koko. Ya bi wasu jijiyoyi biyu sirara da bakin wuƙa, kowace daga ƙodarta, har inda suka shiga mafitsara. Ita salka ce kawai, in ji shi, tana riƙewa sai ta cika. Daga nan hanya ɗaya ce tak zuwa waje. Ya tsaga hanyar, ya shafo wani abu ya murza mini a tafin hannu. Ƙananan tsakuwa ne farare, kamar yashin gulbi.

"Dusarka da kanwarka ke nan. Ba ruwan da zai wanke su, suka daskare. In ƙofa ɗaya ta toshe, ina salka za ta zubar?"

"Baba, mutum ma haka yake a ciki?"

"Ban taɓa feɗe mutum ba, Allah shi kiyaye. Amma ka taɓa jin an yi mutum ba ƙoda?"

Muna cikin haka na ji nishi a bayana. Wani farin balami ya buɗe ƙafafu, wutsiya na rawa. Na ce mu yanka shi tun namansa na da amfani. Tsohon ya ce in riƙe wuƙata tukuna. Ya sa na zaunar da ragon a kan ɗuwawunsa, bayansa a jingine da gwiwoyina. Ya matso mazakutarsa waje, ya nuna mini wani ɗan zare a bakinta, siriri kamar tsutsa. Nan ne mafi ƙuncin hanyar, nan tsakuwa ta fi maƙalewa. Ya latsa, muka ji tauri. Ya ce bismilla, ya datse zaren da aska.

Fitsari ya yi tsartuwa har ƙirjin rigata. Ban taɓa murna da ƙazanta ba sai ranar nan. Ina ta hamdala, tsohon na dariya har da riƙe ciki.

"To, ga turaren sallarka nan ka samu tun da wuri!"

Daga ranar na ɗauke kanwa, na rage dusa, na ƙara harawa. Ni da mai ɗakina muka riƙa jido ruwa sawu shida a wuni, komin ruwansu bai sake bushewa ba. Kowace safiya ba kitse nake fara dubawa ba, ƙasan turke nake dubawa. In na gan shi a jiƙe, sai in karya kumallo. Rago na uku ya toshe bayan kwana huɗu, shi kuma da hannuna na datse masa, ya samu kansa.

Goma na kora zuwa Gusau da ƙafarsu, goma na sayar kafin jajibere. Ɗaya na rasa, da riga ɗaya da zarni ya ƙi fita daga jikinta. Na mai da jakunana biyu, na ƙara na uku, na aika wa tsohon turmin zane da goro. Shekara ta zagayo, dillalan da suka koya mini rage ruwa su ne ke sallama a ƙofata da raguna masu nishi, ni kuwa askata na cikin aljihu. Har yau da na tsufa, buta ba ta rabuwa da gefena, ba na kuma jira sai ƙishirwa ta kama ni.